Ƙofar Marsandin Baba ta daina tsayawa: walda ko canji?

Dan_Ringim84: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar masu sanin tsofaffin motoci. Akwai Mercedes 280 SL ƙirar 1981 da marigayi mahaifinmu ya bari, mai ƙofa biyu, wadda ake cire wa rufi. Tana cikin rumfa a gidanmu na ƙauye wajen Ringim, sai Juma'a ko sallah nake fito da ita. Juma'ar da ta wuce na tsaya bakin masallaci, na buɗe ƙofa zan sauko, iska ta fizge ta daga hannuna, sai na ji ƙas! Ƙarfen nan da ke fitowa daga cikin ƙofa ya kama jikin mota, tsakanin hinji na sama da na ƙasa, shi ne ya karye. Yanzu ƙofar ba ta tsayawa ko kaɗan. In na sake ta, ko ta tafi har ta taɓa fenda, ko ta dawo ta buge min ƙwauri. Mai waldan garinmu ya ce in kawo, yanzu-yanzu zai haɗa shi. In ba shi, ko in nemi wani ƙarfen?

Abba_Gezawa: Wa alaikumussalam. Allah ya jiƙan Baba. SL a ƙauyen Ringim? Don Allah sa mana hoto mu gani.

Bakanike_Kwakwaci: Amin. Malam, kafin komai, kada ka ƙara buɗe ƙofar nan ba tare da hannunka yana kanta ba. Karyewar sitofa, wato ƙarfen nan mai tare ƙofa, ƙaramin abu ne. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Duk lokacin da ƙofar ta wuce iyakarta, bakinta na gaba yana cin fenda, hinji kuma yana ɗaukar nauyin da ba nasa ba. In bakin ƙofar ya lanƙwashe, ka tashi daga aikin sifana ka koma aikin fanalbita da mai fenti, kuma fentin motar da ta haura shekara 40 ba a samun irinsa daidai, ko wa ya haɗa maka. Game da walda, ni ban ba ka shawara ba. Zan faɗi dalili in na tashi daga aiki.

MaiWalda_Gujungu: Ga su nan, sun fara. Kullum a ce kar a kai wa mai walda. Oga, a nan Gujungu garmar shanu muke haɗawa, da kafaɗar amalanke, da sifirin ɗin motar ɗaukar hatsi, duk suna aiki har gobe. Ɗan wannan ƙarfen da bai kai tsawon tafin hannu biyu ba shi ne zai gagare mu?

Bakanike_Kwakwaci: @MaiWalda_Gujungu, maigida ba raina sana'arka na yi ba, ni ma kullum ina wurin masu walda. Abin da ya sa na ce a'a shi ne, wancan ƙarfen da kuke gani a waje rabin labari ne. Ya shiga cikin ƙofa ne, cikin wani ɗan kwaroro na ƙarfe da aka ɗaure da noti. A Marsandin wancan zamani, irin su 200 da 230, ƙarshen ƙarfen yana ɗauke da ƙananan ƙwallayen ƙarfe biyu da sifirin a tsakaninsu yana tura su waje. In ka buɗe ƙofa sai su bi kwaroron, su faɗa ɗan gurbin da aka yi musu, shi ne kake jin ƙofa ta ɗan cije a tsakiya, ta sake cijewa a ƙarshe. To ƙarfen nan shiga da fita yake yi ta wata ƙaramar kafa a bakin ƙofa. Ka ɗora masa tudun walda, ba zai wuce kafar ba. Ka goge tudun ya yi daidai, wurin ya zama siriri, kuma wuta ta riga ta canza masa ƙarfi. Ya sake karyewa a gefen waldar. Sannan mu tambayi kanmu, me ya sa ya karye tun farko? Galibi giris ɗin ciki ne ya bushe, ƙura ta shiga, abin ya riƙa cijewa, shekara da shekaru ana janyo shi da ƙarfi. Iskar ranar Juma'a ƙarasa shi kawai ta yi.

Dan_Ringim84: Oga, ka taɓo wani abu. Tun Baba yana da rai ƙofar direban tana yin ƙas-ƙas in an buɗe. Mun ɗauka haka motar take.

Bakanike_Kwakwaci: Ba haka take ba. Kukan neman giris ne.

Tsohon_Direba: Ku yaran zamani komai sai kun je kasuwa. Ni na ja Fijo 504 hanyar Kano zuwa Haɗeja tun ana kiran wajen nan jihar Kano, kafin a yanke Jigawa a 1991. In wannan abin ya karye mana, tsohon bel muke samu, ko na kujera ko a yanko daga taya, a huda gefe biyu, a ɗaure ɗaya a ƙofa ɗaya a jikin mota. Shi ke nan. Ƙofa ba za ta ƙara wuce iyaka ba. Ɗana, yi haka ka huta.

Injiniya_Dutse: Baba direba bai yi ƙarya ba. Akwai motocin da daga kamfani ma da igiya suke zuwa, Jeep Wrangler misali, ɗamara ce ta zare mai kauri ke tare ƙofarta. Amma bel abu ɗaya yake yi, ya hana ƙofa wucewa. Ba ya riƙe ta a buɗe. Ka tsaya a gangare ko iska ta juyo, za ta dawo kanka. Kuma Baba, huda jikin SL da direla don a ɗaura bel, gaskiya zuciyata ba za ta ɗauka ba.

Tsohon_Direba: Wa ya ce a huda? A bi ramin da ke nan. Kai dai injiniya ne na takarda.

Injiniya_Dutse: Na karɓa Baba, Allah ya huci zuciyarka. In dai ta ramin da ke nan za a bi, a matsayin na wucin gadi, ba ni da ja.

Ummu_Khalifa: Ni ba na gane ƙarfe, amma ina roƙonka ka gyara da wuri in akwai yara a gidan. Motar maigidana ta taɓa yin haka. Ƙaramar 'yarmu ta dafa jikin mota za ta hau, ƙofar ta dawo da kanta ta datse mata yatsu biyu, farce ɗaya sai da ya fita. Ƙofar ƙaramar mota ce ma, ba irin taku mai nauyi ba.

Dan_Ringim84: Subhanallahi. Allah ya ƙara kiyayewa Hajiya. Yara kam cike suke da gidan, kuma ba su da wurin wasa sai gindin motar nan. Na kulle ta na ɗauke makullin.

Sadiq_Kasuwa: Ni fa tambayata daban ce. Me kake yi da wannan motar a ƙauye? Ƙasa-ƙasa ce, ba ta shiga yashi, ba ta ɗaukar buhu ko ɗaya, mutum biyu kawai take ɗauka, ga inji silinda shida. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 wa yake wasa da irin wannan? Ka sayar wa masu tara tsofaffin motoci a Abuja ko Legas, ka sayi Golf ko Sharon ka sa a hanya tana kawo maka na cefane.

Dan_Ringim84: Malam Sadiq, da kuɗin fata da gyaɗa Baba ya saye ta hannun wani Bature da zai koma gida, lokacin yana aiki a Bompai. A cikinta aka kai shi asibiti tafiyarsa ta ƙarshe. Da aka zo rabon gado 'yan'uwana suka bar min ita a kasona. Ba ta sayarwa ba ce.

Sadiq_Kasuwa: Allah ya ba ka haƙuri, ban san haka ba ne. Allah ya jiƙansa.

Abba_Gezawa: Ai irin waɗannan a Inugu ake haɗa su da, ko? Na ji ana cewa akwai kamfanin Marsandi a can. Ƙila a samu kayanta wajen 'yan can.

Malam_Tarihi: A'a Abba. Kamfanin ANAMMCO da ke Inugu manyan motoci da bas-bas na Marsandi ya riƙa haɗawa a da, irin su 911 da muka sani. Wannan SL ɗin a Jamus aka ƙera ta, a Sindelfingen. Samfurin da ake kira R107 ne, an fara shi 1971 aka daina 1989, shekara 18 ke nan ana yin jiki ɗaya. Ita 280 ɗin a 1974 ta shigo. Lokacin nan ƙasar nan tana da masana'antun haɗa mota da dama: Peugeot a Kaduna da Volkswagen a Legas duk 1975 suka fara, ga Steyr a Bauchi, ga Leyland a Ibadan, mu ma nan Kano muna da na manyan motocin Fiat. Kuma @Sadiq_Kasuwa, kada ka raina dangin motar nan a kan hanyar ƙasa. Yayarta mai rufin ƙarfe, 450 SLC, ita ta ci tseren Bandama a Kodebuwa a 1979, Hannu Mikkola ne ya ja ta.

Tsohon_Direba: Fijo ta riga ta. Malam faɗi gaskiya.

Malam_Tarihi: Haka ne Baba. 504 ta ci tseren Safari na Kenya a 1975, mai ƙofa biyunta kuma ta sake ci a 1978. Ba wanda zai ƙwace muku wannan.

Admin_Garba: Jama'a, mutum ya zo da ƙofa a karye, kun kai mu Kenya. A dawo kan tambaya don Allah.

Dan_Kofar_Ruwa: To bari mu da ke cikin kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano mu ce wani abu. Gaskiya SL ba ta cika zuwa yanka ba, ba kamar 200 da 230 da bi-but ba, waɗanda kayansu har yanzu ana tono su. Abin da zan ce maka, ka ciro karyayyen gaba ɗaya, da kwaroron da guntun da ya rage a jikin mota da fil ɗinsa, ka zuba a leda ka zo da su. Kar ka zo da hoto a waya, kar ka aiko yaro da baki. A ɗora naka a kan wanda za a sayar maka, a duba tsawo, a duba ramukan noti sun hau, a duba lanƙwasar. Ka goge jikinsa da fetur, sau da yawa akwai lamba a buge. Marsandi suna amfani da kaya ɗaya a motoci daban-daban, lambar ce za ta gaya maka gaskiya, ba bakin mai shago ba. In babu a Kano, akwai Panteka a Kaduna, akwai Ladipo a Legas, muna da mutane a can.

Injiniya_Dutse: Ƙari a kan wannan: tsawon yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. In ya fi na asali tsawo, ƙofa za ta kai fenda kafin ya tare ta, ka ga ba a yi komai ba. In ya gaza, ƙofar ba za ta buɗe sosai ba, kuma duk buɗewa sai ta fizgi ƙarfen bakin ƙofa. Ku lura da yadda abin yake: ƙofar mota mai ƙofa biyu doguwa ce, ta haura mita ɗaya, shi kuwa ƙarfen nan ɗan tazara kaɗan ne tsakaninsa da layin hinji. Duk ƙarfin da iska ta sa a ƙarshen ƙofa, kafin ya iso wurinsa ya ninka wajen sau goma. Shi ya sa nake shakkar walda a nan, ko da hannun gwani ne.

MaiWalda_Gujungu: To na ji, na bar muku ƙarfen. Amma ku rubuta ku ajiye, in ya buɗe ƙofar nan zai tarar wurin da notin ke kamawa ya tsage. Na sha gani. Ranar kuma wurin wa za a zo?

Aminu_Hamburg: Salam daga Jamus. Ɗan'uwa, kada ka wahalar da kanka da na gwanjo in kana da hali. Motocin nan suna da masoya sosai a nan da Amurka, saboda haka har yanzu ana sayar da kayansu sababbi, na kamfani da na wasu masu ƙerawa. Wanda za ka ciro daga motar da aka yanka shi ma shekarunsa 40, giris ɗinsa ya bushe kamar naka. Abin ba shi da girma, yana shiga jakar hannu. Ka duba lambar shasi, ta 280 SL tana ɗauke da 107042, ka turo min ta akwatin sirri, kar ka sa a nan. In mai zuwa gida ya samu sai a ba shi.

Dan_Kofar_Ruwa: Alhaji Aminu, da canjin Yuro na yau? Kuma ba kowane sabo ne sabo ba. Akwai sabon da in ka ɗaga ka ji shi sakayau, tsohon na asali ya fi shi sau nawa. Ni na Beljiyam mai kyau, a wanke a sa giris, na fi yarda da shi.

Aminu_Hamburg: Akwai marasa kyau, ban musa ba. Shi ya sa ake duba wanda ya ƙera, ba arahar ba.

Abba_Gezawa: Me zai hana ya ciro na ɗaya ƙofar ya sa a ta direba? Ai ba kullum ake buɗe waccan ba.

Bakanike_Kwakwaci: Abba, ka mayar da matsala ɗaya biyu ke nan. Kwalin da ya rufe cikin ƙofar motar nan ya tsufa, duk buɗewa sai wani abu ya karye. Lafiyayyar ƙofa a bar ta, sai ranar da za a sa mata giris.

@Dan_Ringim84 ga yadda za ka yi in kai za ka cire da kanka. Ka sami wuri mai inuwa, ka shimfiɗa tabarma ko buhu a ƙasa, don in ƙaramin kilif ya faɗa cikin yashin gidanku ka yi sallama da shi. Ka ɗaga gilas har sama. Ka cire kan batir. Ka kwance madafin hannu da abin buɗe ƙofa da duk wani sukuru da ka gani, akwai waɗanda ke ɓoye ƙarƙashin murfin roba. Kwalin kuma kada ka fizge shi, ka bi shi a hankali ka ji ta inda yake sakin jiki, in ya ƙi to akwai sukurun da ka manta. Bayansa za ka ga leda an manne, ka ɗaye ta a hankali, za ka mayar da ita, ita ke hana ruwan damina jiƙa kwalin. Daga nan ka koma wurin jikin mota, ka zare kilif ɗin da ke ƙasan fil, ka buga fil ɗin sama ya fita. Sai notin da ke riƙe da kwaroron, a bakin ƙofa da ta ciki, yawanci sifana 10 ce. Ka zura hannu ta ramin cikin ƙofa ka riƙe shi kafin ka cire na ƙarshe, in ba haka ba ya faɗa ƙasan ƙofa. Duk wannan aikin a sami mutum ɗaya yana riƙe da ƙofar, babba ba yaro ba.

Wajen mayarwa, ka cika kwaroron da giris, ka ɗaura notin sako-sako tukuna, ka sa fil, ka buɗe ka rufe ka ji yana tafiya sumul, sannan ka ɗaure tamau. Robar da ke rufe kafar bakin ƙofa in ta yage a nemo wata, ta nan ƙurar hunturu ke shiga.

Tsohon_Direba: A zuba baƙin mai kawai, yana nan a kowane gareji kyauta.

Bakanike_Kwakwaci: Baba, baƙin mai tsiyayewa yake yi, ya bar wurin a bushe, ya ɓata kwali, ƙura kuma ta manne a inda ya bi. Giris dai.

Fanalbita_Wudil: Tunda za ka buɗe, ka leƙa ƙasan ƙofar ta ciki da tocila. Akwai ƙananan ramuka da ruwa ke fita, a motar da ke zaune a ƙauye za ka tarar ƙasa da ƙaiƙayi sun toshe su, wani lokaci har da sheƙar ɓera. Ka zokale su da waya. Ƙofofin da ake kawo min sun ruɓe daga ƙasa, yawancinsu daga nan ne. Sannan ka kama ƙarshen ƙofar ka ɗaga sama. In ka ji tana motsi, hinjin ya ci, sabon sitofa ba zai hana ta saɓa layi ba.

Dan_Ringim84: Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yau da safe ni da ƙanena muka buɗe, yadda Oga ya faɗa. Ga abin da muka gani. Giris ɗin ciki ya daskare ya zama kamar busasshen ƙulli-ƙulli, sai da muka kankare shi da sukundireba. Ƙwallo ɗaya na nan, ɗayan mun same shi a ƙasan ƙofa cikin ƙura, ya ci ta gefe guda. Kwaroron ya buɗe baki. Ramukan ruwa biyu a toshe. Hinji lafiya lau, ba motsi. Amma wurin da notin sama ke kamawa a bakin ƙofa ya tsage, tsagar ta kai tsawon ɗan yatsa, ta nufi wajen kafar. Na ɗaura bel ɗin Baba direba ta ramin fil kafin a samu na gaske.

MaiWalda_Gujungu: Me na ce? Ina masu cewa kar a kai wa mai walda?

Tsohon_Direba: Bel dai ya yi rana.

Fanalbita_Wudil: Maigidan Gujungu ka yi gaskiya, amma ba da irin injinka na garma ba. Ƙarfen ƙofa siriri ne, ka sa masa wutar lantarki mai ƙarfi sai ya huje, a yi gyaran gangar Auzinawa. A fara huda ɗan ƙaramin rami a daidai ƙarshen tsagar don ta daina tafiya. A yanko faranti ɗan kauri kaɗan a sa ta baya, a ɗiga walda kaɗan-kaɗan ana bari yana hucewa, da jiƙaƙƙen tsumma a kan fentin waje. A janye wayoyi da roba, a kare gilas, tartsatsi yana cin gilas ya bar masa tabo. In an gama a shafa jan fenti na hana tsatsa ciki da waje.

Injiniya_Dutse: Ni da za a bi tawa, ba za a kusanto da wuta ba sam. Rami a ƙarshen tsaga, faranti ta baya mai faɗi, notin sitofan da kansu su matse shi. Nauyin ya bazu a kan farantin, fenti bai ƙone ba.

Fanalbita_Wudil: Injiniya, tsagar da ta nufi kafa ba ta tsayawa da matsi kawai. Duk buɗe ƙofa wurin yana numfashi.

Bakanike_Kwakwaci: Duk wanda za a yi a cikin biyun, a yi shi kafin a ɗaura sabon. Sabo yana da ƙarfin cijewa fiye da wanda ya mutu, in ka ɗaura shi a kan tsagaggen wuri zai yage shi gaba ɗaya. Kuma kaurin farantin kada ya yi yawa, zai tura kwaroron baya ya rage tafiyar ƙarfen.

Aminu_Hamburg: Na ga saƙonka, na ga lambar. Biyu zan tambaya ko ɗaya? Na ɗaya ƙofar ma shekarunsu ɗaya.

Dan_Kofar_Ruwa: Ya dai fara kawo karyayyen kasuwa mu gwada. In an dace ya koma Ringim da shi a ranar.

Dan_Ringim84: Alhaji Aminu tambayo min kuɗin biyun tukuna in ji. Ranar Asabar in sha Allahu zan shigo Kano da ledar. @Fanalbita_Wudil, in ƙofar za a kawo maka, sai an ciro ta daga jikin motar, ko kana iya zuwa da kayan aikinka? Hanyar garinmu yashi ne, ba na son fito da ita da bel.

Fanalbita_Wudil: Kar ka ciro ƙofar, daidaita ta wajen mayarwa wani aikin ne. Turo min hoton tsagar ta ciki da ta waje, ka ɗora sifana 10 a gefenta in ga girmanta. Akwai janareta a garin?